Yadda za ka bambanta ƙananan faɗa-wuta masu cin hatsi, wake da kayan garka a Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma da masu garka. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, bara wajen ƙarshen watan Agusta na je gonar baffana can bayan Mirya na tarar ya sayi magani lita guda ya feshe hatsinshi kaf, kuɗin da ya tara na takin zamani ne ya kashe, wai ya ga ƙananan malam-buɗe-littafi sun cika mishi fitila da dare don haka murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniyar hatsi, ta shigo. Na duba zangarniya wajen ashirin ban ga layin murzuna ko ɗaya ba, sai na karya kara guda wanda kanshi ya bushe na tsaga da wuƙa, ga tsutsa kwance a ciki fara da ɗigo-ɗigo baƙi. Na ce Baffa wannan ai tsutsar kara ce, tana cikin kara maganin da kuka fesa ko kusa da ita bai je ba. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannuna sannan ya ce to ɗana, mu ai duk wanda ya faɗo ma fitila ɗaya muke ganinshi, wa ya taɓa nuna mana bambanci? Wallahi maganar nan ta zauna mini a rai, don gaskiya ya faɗa, ba wanda ya nuna musu, kuma abin ba shi da wuyar da ake zato.

Waɗannan da muke magana a kansu sunansu na Hausa faɗa-wuta, na dare ne. Malam-buɗe-littafi na rana zaren nan biyu da ke kanshi suna da ɗan ƙulli a ƙarshe kamar kan ashana, na faɗa-wuta kuwa siriri ne har ƙarshe ko kuma mai gashi-gashi. Uwar mai fiffike ba ta cin hatsinka, ƙwai kawai take sakawa, tsutsar da ta fito ita ke ɓarna, amma uwar ita ke fara bayyana, in ka gane ta ka samu kwanaki na shiri kafin ɓarna ta fara.

Kayan aiki duk kana da su a gida. Farin zane ko farin buhu ka ɗaure tsakanin itace biyu a bakin gona, ka rataye tocila ko ampul ɗin sola mai farin haske a gabanshi daga bayan magariba, daren da babu farin wata kuma babu iska ya fi kawo su. Ka tanadi ƙananan kwalabe masu murfi, irin na magani da aka wanke, ka kifa kwalba a kan wanda kake so ka rufe, kar ka kama da yatsa don garin nan da ke manne maka a hannu shi ne zanen fiffiken, in ya goge ka rasa shaidarka. Ka yi hankali da hangara, ita ma tana zuwa wajen haske lokacin bununi kuma in ka murje ta a wuya sai fata ta tashi. In ka kawo gida ka sa kwalbar cikin firigo ko kular ƙanƙara kamar minti goma, sanyi zai sa ya natsu, sai ka juye shi a kan takardar kaye ta 'yan lakkwal mai ƙananan gidaje, kowane gida milimeta 5 ne, mai manyan gidaje kuma milimeta 8, ka ɗauki hoto da talho daga sama sannan daga gefe. Hoton gefen nan mutane ke mantawa alhali shi ke nuna baki.

Shawarata da na fi nanatawa, kar ka fara da kala. Kusan dukkansu kalar ƙasa ne ko kalar kara ko toka-toka, kuma wanda ya kwana uku yana yawo ya koɗe. Ka fara da yadda yake zama in ya sauka, ya naɗe fikafikai ya zama siriri kamar tsinke ne, ko ya yi rufi kamar jinkar ɗaki, ko ya baje su. Sannan ka dubi gaban kai, akwai wasu 'yan abubuwa biyu a baki waɗanda a wasu suke miƙewa gaba kamar dogon hanci, a wasu su lanƙwashe sama kamar ƙahon akuya, a wasu kuma gajeru ne ba ka ma lura da su. Bayan nan fiffiken ƙasa da ke ɓoye, ka ɗaga na sama da tsinke a hankali. Kala sai daga ƙarshe. Kuma kullum ka tambayi kanka ina na same shi, wane wata ne, me aka shuka kusa.

Mu fara da murzuna tunda ita ce ciwon kanmu. A takardun malaman gona sunanta Heliocheilus albipunctella, tsofaffin takardu kuma za ka ga Raghuva, abu ɗaya ne. Ta zama annoba a ƙasashen Sahel ne tun bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974. Jikinta kakkaura ne, ƙirji mai gashi, in ta buɗe fikafikai wajen santimeta 2 da rabi, in ta zauna tana yin rufi, bakinta gajere babu dogon hanci. Macen ja-ja ce kamar tsatsa ko jar ƙasa, da jerin ƙananan fararen ɗigo da suka yi baka a kan fiffike, sunan ma na turawa ma'anarshi mai fararen ɗigo. Namijin ya fi haske, kuma shi ne mai shaidar da ba ka da ita a sauran masu zuwa gonar hatsi. Ka riƙe shi ka sa tocila ta bayan fiffiken sama, a bakin gaba za ka ga wuri ya ɗan kumbura ga kuma wata 'yar taga da babu gari a kanta, haske na ratsawa kamar leda. Ranar da na fara gani na daɗe ina jujjuya shi. Da wannan wurin yake yin ƙara in yana tashi, in ka tsaya shiru a gona bayan faɗuwar rana lokacin da hatsi ke fidda kai kana iya jin wani zzz siriri ƙasa-ƙasa, mazan ne ke kiran mata.

Sau ɗaya take haihuwa a shekara. Kamar wata guda bayan ruwan shuka na kirki take fitowa daga ƙasa, ta saka ƙwai a kan zangarniyar da ta fara leƙowa, tsutsar ta shiga tsakanin tsaba da sandar zangarniya tana yanke ƙananan ƙafafun da ke riƙe da tsaba tana zagayawa, shi ya sa kake ganin layin nan da ya murɗe kamar an naɗa igiya, da ɗan farin kashi kamar tsaki. In ta ƙoshi ta yi ja-ja sai ta sauko ta nutse cikin rairayi ta kwanta a kwansonta duk tsawon rani har wata damina.

Wadda ake rikita ta da ita a fitila ita ce 'yar uwarta Helicoverpa armigera, uwar tsutsar nan mai huda tumatir da kuɓewa da auduga. Zamansu iri ɗaya, siffa iri ɗaya, amma wannan ta fi girma sosai, buɗewarta santimeta 3 da rabi zuwa 4, babu jerin fararen ɗigo, kuma in ka ɗaga fiffiken sama za ka ga na ƙasa fari-fari da baƙin baki mai faɗi. A kan takardar kaye nan take girman ke raba gardama.

Ita kuwa uwar tsutsar kara, Coniesta ignefusalis, wadda ta ci ma baffa kuɗi, in ka ajiye ta kusa da murzuna za ka yi mamakin yadda aka yi ake haɗa su. Siririya ce, tana naɗe fikafikai a jiki ta kwanta a tsaye kan ganye kamar guntun kara, kalarta ruwan zinariya zuwa kalar busasshen kara kusan babu zane, fiffiken ƙasa fari tas mai sheƙi, ga dogon hanci miƙe gaba. Hancin nan kaɗai ya isa. Ita ba ruwanta da zangarniya, tsakanin kara da ganyen da ya rungume shi take jera ƙwai, tsutsa ta huda ta shiga, in hatsi ƙarami ne zuciyarshi ta bushe ka ja ta fito a hannunka, in ya girma kan ya fito babu tsaba ko iska ta karya shi. Tana haihuwa sau biyu zuwa uku a damina ɗaya. Abin da ke ruɗa mutane, tsutsar damina fara ce mai baƙaƙen ɗigo, amma wadda za ka samu cikin busasshen kara a watan Maris ta zubar da ɗigon ta zama ruwan madara, sai a ce wata ce daban, alhali ita ce ta shiga barcin rani. Akwai kuma Sesamia, ita ma kalar kara ce da farin fiffiken ƙasa, to amma kakkaura ce mai gashin ƙirji babu dogon hanci, tsutsarta ruwan hoda ce babu ɗigo, an fi samunta a dawa da masara da rake wuraren danshi irin su Gidimuni da bakin Korama.

Ga inda sanin sunan ke da amfani. Ta kara tana rani a cikin karan da muka yi darni da shi, da na jinka, da wanda muka tara a kan itace ma dabbobi, wato a gidanmu muke renonta mu maida ta gona. Maganinta a sare kara da wuri bayan girbi a shimfiɗa shi kwance rana ta gasa shi, ko a babbaka shi sama-sama kafin a yi darni, kuma tsohon karan da ya rage a gama da shi kafin ruwa ya sauka. Wannan duk ba ya taɓa murzuna ko kaɗan tunda ita tana cikin ƙasa. Ita abin da na ga yana aiki a kanta shi ne ɗan ƙaramin zanzaron nan Habrobracon hebetor, mu mayaƙi muke ce mishi, wanda ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na Maraɗi suka daɗe suna renonshi ana rabawa cikin ƙananan buhunan algarara a rataye a ƙauyuka lokacin da hatsi ya fara fidda kai, yana harbin tsutsar ta sandare ya saka ƙwai a jikinta. In ka fesa magani a lokacin ka kashe mayaƙin, murzuna kuma tana lafe cikin zangarniya.

A gonar wake akwai biyu da ko ni sai na tsaya na duba da kyau. Maruca vitrata, uwar tsutsar da ke shiga furen wake ta ɗinke shi da yana sannan ta huda kwanso, tana zama da fikafikai a baje, na sama ruwan ƙasa da fararen tagogi masu ratsa haske, na ƙasa kuwa kusan duk fari ne sai baki-baki ruwan ƙasa. Ɗayar Spoladea recurvalis ce ta alayyafo da rukuɓu, girmansu kusan ɗaya, ita ma ruwan ƙasa da fari, kuma tana yawan tashi gabanka da rana in kana ratsa ciyawa cikin waken. Fiffiken ƙasa za ka duba, na Spoladea duhu ne kamar gasasshen kofi da farin layi guda da ya ratsa ya haɗu da na sama. In ita ce ka bar wakenka lafiya ka je ka duba alayyafo. In Maruca ce ka buɗe fure ashirin ka ƙirga masu tsutsa, fara ce mai ɗigo biyu-biyu a kowace gaɓa. Ba ta yin rani a nan, daga kudu take hawowa da damina.

Yanzu na cikin rumbu da buhu, kuma nan mata sun fi mu ido. Innata ce ta kira ni kwanaki ta ce ɗan nan zo ka ga hatsin da na auno tiya biyar a kasuwar Dole, ta sa hannu ta ɗago sai ga tsaba ta biyo a dunƙule kamar an ɗinke ta da zare, ta murje dunƙulen da babban yatsa ga farar tsutsa a ciki. Na ce Inna wannan hatsin ya daɗe a sussuke kuma akwai ɓarzajje a ciki, ta ce ai na ji warin tsufa tun a kasuwa. Mai wannan ɗinkin mai kauri Corcyra cephalonica ce, toka-toka zuwa ruwan ƙasa mara zane sai dai jijiyoyin fiffike sun ɗan fi duhu, da ɗan tuntun gashi a goshi, in ta zauna kafaɗunta a fili suke. Ta fi son gari da tsaki da shinkafa da fasasshiyar tsaba. Kuma tsutsarta ce ake ciyar da mayaƙi da ita cikin buhunan da na faɗa.

Wadda ke tashi buu in ka buɗe rumbun da aka jera damma ba a sussuka ba, wannan Sitotroga cerealella ce, kuma ita ƙarama ce ƙwarai, a zaune gida ɗaya ne da ɗan ƙari a kan takardar kaye mai ƙananan gidaje. Kalar kara mai sheƙi, bakinta ya lanƙwashe sama kamar ƙaho, fiffiken ƙasa siriri mai dogon geza kuma ƙarshenshi ya tsuke kamar yatsa mai nuni. Ba ta yin yana ko kaɗan, tsutsarta cikin tsaba guda take rayuwa ta cinye cikin ta fito ta wata 'yar ƙofa zagayayya, sai ka ga zangarniya lafiya lau a ido amma ba nauyi. Tunda jikinta ba ƙarfi ba ta iya kutsawa can cikin sussukakken hatsi, sama-sama take tsayawa, don haka in ita ce ta dame ka sussuka da zubawa a mazubi mai rufi yana rage ta sosai.

Akwai kuma wasu biyu, a dabino da gyaɗa da busasshen tumatir aka fi ganinsu. Plodia interpunctella ba ta da wuya, fiffikenta kala biyu ne kamar an tsoma shi a rini, kashi ɗaya cikin uku na wajen kai fari-fari, sauran jan ƙarfe. Cadra cautella toka-toka ce da layi mai duhu da ya gitta fiffike wajen kashi ɗaya cikin uku, ita ce ake haɗawa da Corcyra, to ka nemi layin da ya gitta, Corcyra ba ta da shi, nata layukan tsawo suke bi. Plodia da ta tsufa ta goge ita ma tana komawa kamar Cadra, sai ka nemi sabuwa a jikin bango kusa da buhun. Su ukun nan masu yana, shanya a rana da tankaɗe da share ɗakin ajiya har saƙo-saƙo, sannan buhun PICS mai leda biyu a ciki ko bido mai murfi da iska ba ta shiga, in an cika an ɗaure da kyau numfashi ke ƙare musu.

Na garka zan taƙaita. Tuta absoluta ta tumatir asalinta Amurka ta Kudu, ta shiga Sifen a 2006, ta ratso har ta iso mu, a 2016 ta yi ma manoman Kano da Kaduna ɓarnar da har yau ake maganarta. Girmanta da siffarta kamar Sitotroga don danginsu ɗaya, amma ita toka-toka ce mai baƙin yayyafi, zaren kanta kuma zobe-zobe baƙi da fari. Ka girgiza tumatir da yamma za ka ga suna tashi gajere su koma. A ganye tana yin faffaɗan tabo fari kamar leda da baƙin kashi a ciki, in ka ga siririn layi mai lanƙwasa kamar rubutu wannan na wani ɗan ƙuda ne. A shu kuma, wato kabeji, Plutella xylostella siririya ce mai farin zane a gadon baya mai kusurwa uku a jere, tana miƙe zaren kai gaba, wutsiyar fiffike ta ɗaga sama, tsutsarta kore in ka taɓa ta sai ta yi ta birgima da baya ta sauko da zare. Hellula undalis ta fi faɗi, zamanta kusurwa uku, da layuka masu kaɗawa da tabo kamar ƙwayar wake, tsutsarta mai baƙin kai ita ke cin zuciyar dashe har shu ya fito da kawuna da yawa marasa amfani.

Akwai waɗanda ido da talho ba sa raba su, misali Tuta da 'yar uwarta ta dankalin turawa, Phthorimaea operculella, masana sai sun sa a madubin ƙara girma sun duba gaɓoɓin ciki. Irin wannan, ko wanda ya goge, hanyar da ta fi ita ce ka reni tsutsar da kanka. Ka ɗauko ta tare da abin da ka same ta tana ci, ka sa a kwalba mai faɗin baki, ka rufe da ƙyalle ka ɗaure da roba, ka ajiye a inuwa inda tururuwa ba ta kaiwa, ka riƙa canza ganye kullum kana goge gumin kwalbar. Ta tumatir da ta shu da ta wake cikin sati biyu zuwa uku za ka ga uwar ta fito sabuwa fil da zanenta cikakke, ka san tabbas wace tsutsa ce ta wace uwa. Murzuna ce kawai ba za ta fito maka ba sai wata damina, ita ka zuba mata rairayi kamar tsawon yatsa a gindin kwalbar ka ajiye. A jikin kowace kwalba ka manna takarda ka rubuta ranar da ka kama, garin, da shukar, in za ka kai ma malamin gona na komin ɗinku ka kai da kwalbar da hoton da guntun shukar da aka ci. Baffa bana kaye guda ya ware ma wannan, jikanshi ke rubuta mishi, kuma daren da namijin murzuna mai taga ya fara sauka a farin zanenshi ya kira ni tun kafin sallar isha ya ce in tambayo mishi inda ake samun buhunan mayaƙi.